Augustin Cauchy (1789–1857): Masanin Lissafi Mai Riƙon Rantsuwa

A wannan fitowa muna tunawa da Augustin Cauchy, wanda ake furta sunansa Koshi, masanin lissafi kuma ɗan Katolika. An haife shi a birnin Paris ran 21 ga Agusta 1789. A 1810 ya kama aikin injiniya a tashar jiragen ruwa ta Cherbourg, daga baya ya koma Paris koyarwa.

Tambayar da ya sa a gaba, kowane magini a Dandamisa ya san ta: yaya azara take ɗaukar nauyin soro, a ina kuma za ta karye? A 1822 ya nuna wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa yadda ake lissafa matsi da ja a kowane sashe na cikin katako ko ƙarfe, yana ɗaukar abin tamkar dunƙule guda. A 1828 ya sake bin batun daga tushe: ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani suna jan juna, suna ture juna, jimillar ƙarfinsu kuwa ita ce matsin. Amma hanyoyin biyu suka saɓa. Ta farko ta ce sai an yi awo biyu kafin a san taurin ƙarfe, ta biyu ta ce ɗaya ya isa. Gwaji ya gaskata ta farko. A 1950 Irving da Kirkwood na Amurka suka fitar da lissafin matsi daga motsin ƙwayoyi, har da na tafiyar zafi, irin yadda wuta take ratsa kaskon mazarƙwaila. Matsin da suka lissafa shi ne wanda Cauchy ya siffanta.

A 1830 aka tumɓuke Sarki Charles na Goma, sabon sarki ya bukaci malamai su rantse masa. Cauchy ya riga ya rantse wa na dā, don haka ya ƙi. Ya rasa muƙamansa, ya yi shekara takwas a ƙasashen waje, yana koyarwa a Turin da Prague. Ko da ya komo a 1838 bai sake ra'ayi ba, bai kuma koma kujerar koyarwa a jami'a ba sai bayan an soke rantsuwar a 1848.

Ba mu ce waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, ya kuma yi sakaci da takardar da matashi Abel ya miƙa a 1826. Duk da haka ya yi wa matalauta hidima cikin Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul. Ya rasu a garin Sceaux ran 23 ga Mayu 1857, bayan ya karɓi sakramenti na ƙarshe.

Mu ma mun yi alkawari ranar baftisma, wasunmu kuma ranar aure. Bari mu tambayi kanmu ko za mu riƙe shi ranar da riƙonsa zai taɓa abincinmu. Ubangiji ya ba shi hutawa ta har abada. Amin.