Marigayi Malam Bello Kagara, Mai Littafin Ganɗoki

An haifi Malam Muhammadu Bello a Kagara cikin 1890. Ɗan Alƙali Shehu Usman ne, kuma wan Alhaji Abubakar Imam. Bayan ya yi karatun Arabiyya a gida, sai ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Kano. Ya daɗe yana koyarwa a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama alƙali, har aka naɗa shi Walin Katsina. Allah ya yi masa rasuwa cikin 1971.

Cikin 1933 Ofishin Fassara na Zariya ya sa gasar rubuta littattafai. Nan ya kawo Ganɗoki, aka buga shi cikin 1934. Labari ne na wani barde wanda ya kara da Turawa, sa'an nan ya faɗa ƙasashen aljannu tare da ɗansa Garba Gagare. Sai bayan shekara huɗu Amurkawa suka fito da nasu gwarzon, watau Superman, na cikin littattafan zane.

To, malamai, in yaro ya nemi labarin jarumi, kada a hana shi na zane, amma a fara miƙa masa Ganɗoki, don ya san gida ma akwai maza. Allah ya jiƙan Wali, amin.