Malamin Da Ya Zama Janar

A ƙasar Amurka an yi wani jarumi ana ce da shi Joshuwa Cembalin. An haife shi a jihar Men a shekarar 1828. Tun yana yaro ya ba da himma ga karatu, har ya zama malami a babbar kwaleji, yana koyar da harsuna.

A 1861 yaƙin basasa ya tashi tsakanin Arewa da Kudu, tushen rigimar kuwa shi ne bauta. Cembalin ba ya son a mallaki ɗan Adam kamar dabba, saboda haka a 1862 ya ajiye alli, ya shiga sojan Arewa. Aka so a ba shi shugabancin runduna ta dakaru, ya ƙi, ya zaɓi ya zama mataimaki don ya fara koyon aikin tukuna. Bayan shekara guda aka ba shi rundunar.

Ran 2 ga Yuli, 1863, aka yi babbar gwagwarmaya a Getisbag. Aka ajiye Cembalin da mutanensa, waɗanda ba su kai 400 ba, a kan wani tudu can ƙarshen sahu. Da abokan gaba za su ci tudun nan, da sun ɓullo wa sauran sojan Arewa ta baya. Suka kawo hari, aka kore su, suka komo, aka sake korarsu, har harsashin mutanen Cembalin ya ƙare. Ko da ya ga haka, sai ya umarce su su kafa banati a bakin bindigoginsu. Suka gangaro a guje, suka auka wa abokan gaba, suka watsa su, suka kama da yawa.

A 1864, a Fitasbag, harsashi ya ratsa ƙugunsa. Ya kafa takobinsa a ƙasa ya dogara a kansa don kada mutanensa su karaya, har jini ya ɗebe shi ya faɗi. Aka fid da rai da shi, aka yi masa janar yana kwance. Amma da sauran shan ruwansa, ya warke ya koma fagen fama.

Ran 12 ga Afrilu, 1865, dakarun Kudu suka zo ajiye makamai a Afomatos, shi aka sa ya karɓa. Suka iso ga yunwa ga tsumma, kansu a sunkuye. Maimakon ya bari a yi musu dariya, sai ya sa sojansa suka ƙame, suka yi musu gaisuwar girma. Mutanen Kudu suka ɗaga kai suka rama gaisuwar.

Bayan yaƙi aka zaɓe shi gwamnan Men har sau huɗu. Ya rasu a 1914, tsohon raunin nan ne ajalinsa. Har yau ana tunawa da shi don jaruntakarsa, da kuma don bai wulaƙanta wanda ya ka da ba.