Sarki Tanimun da dokar gawo

Tanimun ɗan Sulaiman sarkin Damagaram ne. Sun daɗe suna jayayyar sarauta da ɗan uwansa Ibrahim. Da ya zauna daram a kan gado, ya yi mulki fiye da shekara 30, har rasuwarsa a shekarar 1884.

A zamaninsa Damagaram ta yi ƙarfi. Ya gina ganuwa kewaye da Birni. Maƙeransa suna ƙera igwa. Ayarin raƙuma suna zuwa daga Tarabulus, suna komawa da kaya.

Manoma kuwa da wani abu dabam suke tuna shi: dokar gawo.

Gawo ba kamar sauran itatuwa yake ba. Da damina, lokacin da kowane itace ya yi kore, shi sai ya zubar da ganyensa. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta kai ga hatsin da ke ƙarƙashinsa. Da rani sai ya sake toho. Bisashe su kwanta a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar kashinsu a gona. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili cika.

Tanimun ya hana sare gawo a ƙasarsa. Tsofaffi suna faɗi cewa wanda ya kayar da gawo, a bakin ransa. Wanda ya sare reshe, a bakin hannunsa. Hukuncin ya yi tsanani ƙwarai, yau ba mai yarda da irinsa. Amma gatari ya bar gawo, itatuwan suka cika gonaki.

Bayan zuwan Turawan Faransa, doka ta mai da itatuwa na gwamnati. Manomi ya daina ganin gawon gonarsa kamar nasa. Fari ya zo a 1973, ya komo a 1984. Itatuwa da yawa suka mutu, iska ta yi ta kwashe ƙasar gona.

Daga nan manoman Magariya, da Matamaye, da Mirriya suka shiga sassabe na zamani. In sun tarar da ɗan gawo ya tsiro a gona, sai su bar shi, su gyara masa rassa. Ba dogari ya sa su ba, amfaninsa suka gani. Yau a gonakin Yekuwa da na Dungas akwai manyan gawo da ƙanana, hatsi yana tashi a gindinsu.