Yadda Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo Yake Wa'azi

Ya kai ɗan'uwa matashi, kai da ka fara tsayuwa gaban jama'a a Surko, ko Birnin Kudu, ko Gwaram, ka sani ilmin da mai sauraro bai gane ba bai amfane shi da kome ba. Dubi Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya tashi a Degel. Yana ɗan shekara ashirin ya fara wa'azi, wajen 1774. Ya je Kabi, ya zauna Zamfara kimanin shekara biyar yana kiran mutane. Larabci kuwa ya iya shi, da shi ya rubuta littattafansa. Amma in ya zo gaban manomi da makiyayi, sai ya yi musu magana da harshen da suke ji. Waƙoƙinsa na wa'azi ma da yawa da Fillanci ya yi su, aka mayar da wasu Hausa, don wanda bai yi karatu ba shi ma ya samu rabo.

Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisinsa cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812. In Shehu zai fito, sai ya ɗan tsaya ya sabunta niyya. In ya hau abin zamansa sai ya yi sallama sau uku da sakin fuska, ya nemi a yi shiru, sa'an nan ya fara. Yakan soma da tauhidi, ya bi da tsarki da salla, daki-daki. Ko jama'a sun cika surutu da katse shi da tambaya, ba ya ƙosawa.

Da wannan magana mai sauƙi jama'a ta taru gare shi shekara talatin kafin hijirar Gudu a 1804. Ya rasu a Sakkwato a 1817.

To, kai fa? Kafin ka tashi, gyara niyyarka. San su wa ke gabanka. Ɗauki mas'ala ɗaya ka warware ta. In ka kawo Larabci, fassara shi nan take. Kada ka bar tsoho ya koma gida yana cewa yaron nan akwai karatu, amma bai san yadda zai gyara alwalarsa ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.