Frank Whittle, Mutumin da Ya Ƙirƙiro Injin Jet

A 1929, shekarar da titin jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda, wani matashin sojan sama a Ingila yana tunanin yadda jirgin sama zai tashi ba tare da farfela ba. Sunansa Frank Whittle. An haife shi a Coventry ranar 1 ga Yuni, 1907, ɗan makanike ne. Da farko rundunar sojan sama ta ƙi ɗaukarsa saboda gajarta da ƙanƙantar jiki. Ya koma ya yi ta motsa jiki, ya sake nema, aka ɗauke shi a 1923.

Dabarar tasa duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera zai gane ta, domin mun san yadda zugazugi ke sa wuta ta yi ƙarfi. A injinsa, wata fanka mai juyawa da gudu ce ke zuƙo iska ta matse ta. Sai a fesa mai a cikin matsattsiyar iskar a kunna. Zazzafar iskar ta fita ta baya da ƙarfi, ta tura jirgin gaba. A kan hanyarta ta fita tana juya wata fanka ta biyu, ita kuma sanda ɗaya ce ta haɗa ta da ta farkon. Wato injin da kansa yake yi wa kansa zuga.

Ma'aikatar jiragen sama ba ta ga amfanin abin ba. Ya nemi rajistar fasahar a Janairun 1930, amma a 1935 rajistar ta faɗi don ya rasa fam 5 na sabuntawa. Fam biyar kacal! Abokai ne suka tallafa aka kafa kamfanin Power Jets a 1936, injin ya fara aiki a garin Rugby ranar 12 ga Afrilu, 1937.

Jinkirin ya yi tsada. Wani Bajamushe, Hans von Ohain, ya riga shi: jirgi mai injinsa ya tashi a Agustan 1939, na Whittle kuwa sai 15 ga Mayu, 1941. Wahalar aikin ta taɓa lafiyarsa ƙwarai, ya bar soja a 1948, aka ba shi lambar girma da fam 100,000.

Ya rasu a Amurka a 1996. Jiragen da ke kwasar alhazanmu na Kaura, Shinkafi da Zurmi zuwa Saudiyya, jikokin wancan injin na Rugby ne ke ɗauke da su.