Florence Nightingale, Uwar Masu Jiyya

A cikin ekklisiyoyinmu, daga Yankwashi da Kazaure har Roni da Gwiwa da Babura, akwai iyayen da su ke so 'ya'yansu mata su koyi aikin nas, akwai kuma masu ja da baya. Masu ja da baya su kan ce aikin wahala ne, a kwana a tsaye, albashi kuwa ba ya kai ƙarshen wata. Ba ƙarya su ke yi ba. Hukumar da ke rajistar nas-nas da ungozoma ta Nijeriya ta ce fiye da 15,000 suka bar ƙasar nan a cikin shekarar 2023 kaɗai, a watan Yuli na 2025 kuma ƙungiyarsu ta shiga yajin aiki. Kukan nan tsoho ne. Domin wannan za mu ba ku labarin wata mace wadda ta gaskata Allah ne ya kira ta ga jiyya, ta kuma tsaya a kan sai an biya masu jiyya hakkinsu.

An haifi Florence Nightingale ran 12 ga Mayu 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, sa'ad da iyayenta su ke yawon buɗe ido, shi ya sa aka sa mata sunan garin. Mutanen Ingila ne, masu dukiya ƙwarai, suna da gida na rani da gida na sanyi. Ubanta William ya koya mata da kansa harsuna da tarihi, ta kuma nace wa lissafi, abin da ba a cika koya wa 'yan mata ba a wancan zamani. Ran 7 ga Fabrairu 1837, tana da shekara 16, ta rubuta cewa Allah ya yi mata magana, ya kira ta ga hidimarsa. Ba ta san ko wace hidima ce ba tukuna. Shekaru suka wuce kafin ta gane jiyyar marasa lafiya ce.

A 1845 ta roƙi iyayenta su bar ta ta yi wata 3 a asibitin Salisbury domin ta koyi aikin. Gidan ya rikice. Uwarta da yayarta Parthenope suka yi ta kuka kamar an yi mutuwa, aka hana ta.

Kada mu yi saurin zargin uwar, gama ta san abin da a ke kira nas a Ingila a lokacin nan. Yawancinsu matalautan mata ne, waɗansu gwauraye, waɗanda suka rasa wani aiki. Ba wanda ya koya musu kome. Albashinsu bai fi na mai wanke-wanke a gidan attajiri ba, a waɗansu asibitoci kuwa har da giya a cikin abin da a ke ba su. Wata ta kan yi sharar ɗaki da rana, ta yi gadin marasa lafiya da dare, ta kwana a wani lungu kusa da gadajensu, ta dafa ɗan abincinta nan. Waɗansu su kan karɓi toshi daga hannun majiyyaci kafin su ba shi ruwa. Mutane suka riƙa cewa nas-nas mashaya ne, marasa kamun kai. Akwai gaskiya a ciki, amma wanda ya ba mace ladan da ba ya ciyad da ita, ya hana ta barci, ya miƙa mata giya, bai kamata ya yi mamakin abin da ya biyo baya ba. Akwai nagargaru a cikinsu kuma, waɗanda ba wanda ya rubuta sunansu.

Florence ta yi haƙuri shekara 8. Da asuba ta kan tashi ta karanta rahotannin asibitoci a ɓoye. Wani mutumin kirki mai suna Richard Monckton Milnes ya daɗe yana nemanta da aure, tana kuwa sonsa, amma ta ƙi, domin ta ga aure irin na gidan masu arziki zai rufe mata ƙofa. A 1851 ta yi wata 3 a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus, inda Fasto Theodor Fliedner ya ke horad da mata masu hidimar ekklisiya su yi jiyya. A 1853 ta zama shugabar wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley cikin London. Ba ta karɓi ko kwabo ba, gama ubanta ya yanka mata fam 500 a shekara. Ku riƙe wannan a zuciya, domin ita ba ta manta ba: ta iya yin aiki kyauta ne saboda wani yana ciyad da ita. Da yawa daga cikin majiyyatanta a gidan nan malamai mata ne masu koyad da 'ya'yan attajirai, waɗanda suka yi aiki duk ransu, ciwo ya same su ba su da ajiya.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha domin su taimaki Turkiyya, yaƙin da a ke kira na Kirimiya. Jaridar The Times ta buga labarin yadda sojan Ingila su ke mutuwa ba mai duba su. Sidney Herbert, ministan da ke lura da kuɗin yaƙi, wanda ya san Florence tun dā, ya roƙe ta ta tafi. Ran 21 ga Oktoba ta tashi daga London da mata 38. Daga cikinsu 24 'yan ƙungiyoyin addini ne, na Katolika da na Ekklisiyar Ingila, 14 kuwa nas-nas ne na asibiti masu aiki domin albashi. Aka yanka wa waɗannan sule 12 zuwa 14 a mako, da abinci da tufafi, da alkawarin ƙari ga wadda ta yi halin kirki. Samari masu karatu su sani sule 20 ke fam 1. Kuɗin ya fi abin da su ke samu a gida, duk da haka da ƙyar aka sami 14 ɗin da suka cancanta.

Suka isa Scutari, hayin birnin Istambul, a farkon Nuwamba. Asibitin tsohon barikin soja ne, an gina shi bisa magudanar ƙazanta da ta toshe. Babu isassun gadaje, babu sabulu, babu riguna, ga ɓeraye da ƙwarƙwata. Likitocin soja ba su yi murna da zuwan mata ba, sai ta hana 'yan aikinta taɓa kowa har likita ya nema. Da majiyyata suka yi yawa, dole aka neme su. Ta sayi burushin goge daɓe, ta kafa wurin wanki, ta ɗauki matan sojoji su yi wankin a biya su, ta gyara dafa abinci. Da dare ta kan zaga ɗakuna da fitila a hannu, daga nan ne sunanta ya bazu a Ingila. Waɗansu nas-nas ta mai da su gida saboda sha, ba ta da sauƙi ko kaɗan wajen horo.

A wancan lokacin sanyi sojoji fiye da 4,000 suka mutu a Scutari, galibinsu da atuni da kwalara da zazzaɓi. Mutuwar ba ta ragu sosai ba sai bayan Maris 1855, sa'ad da gwamnati ta aiko da ma'aikatan tsabta suka wanke magudanai, suka buɗe tagogi, suka fid da mushen doki daga hanyar ruwan sha. Bayan yaƙi Florence ta zauna da Likita William Farr suka bi ƙididdigar matattu, ta ga ƙazanta ta kashe soja fiye da harsashi, ta yi ta faɗin haka ga manya har suka gaji da ita.

Wani abu da ta yi a can ya nuna yadda ta ɗauki ladan ma'aikaci. Hafsoshi sun ce soja ba ya iya kome da kuɗinsa sai sha. Ita kuwa ta keɓe yini guda a mako tana karɓar kuɗin masu so su aika wa iyalinsu, ta kan aika da wajen fam 1,000 a wata. Da gwamnati ta buɗe ofisoshi domin wannan, sojoji suka aika da fam 71,000 cikin wata 6.

Ta kamu da zazzaɓi mai tsanani a Mayu 1855. Likitocin zamaninmu suna tsammani irin ciwon nan ne da a ke ɗauka daga madarar dabba wadda ba a tafasa ba. Ta koma gida a 1856, daga shekara ta gaba kuwa yawancin aikinta daga kan gado ta yi shi, da alƙalami.

Mutanen Ingila suka tara mata kyauta fiye da fam 44,000, sojoji ma suka sa nasu. Ba ta ci ko sisi ba. Da kuɗin ta buɗe makarantar nas a asibitin St Thomas cikin London a 1860, da ɗalibai 15, ƙarƙashin Mrs Wardroper. Ga abin da ta shirya: kowace ɗaliba tana da ɗakinta, da abinci, da tufafin aiki, da fam 10 na shekarar koyo. Mace ce za ta shugabance su, ita za ta yi musu horo. Bayan shekara guda a samo musu aiki mai albashi. Wani babban likita na asibitin nan, Mr South, ya riga ya rubuta cewa nas daidai ta ke da baranyar gida, ba ta bukatar koyarwa mai yawa. Akwai kuma masu ibada da su ke ganin 'yar mutunci ba ta karɓar kuɗi a kan aikin jinƙai, in ta karɓa ladanta ya zube. Florence ta ƙi wannan sarai. A wata wasiƙa da ta rubuta wa Likita Farr a 1866 ta nuna wauta ce a mai da iya yin aiki kyauta ya zama sharaɗin shiga jiyya, ita kuwa ta fi so ta buɗe wa mata sana'a mai albashi mai kyau da ta kafa ƙungiyar addini. Wannan daga bakin wadda ta ji kiran Allah tun tana yarinya ke nan. Dattawan da ke lura da ɗakunan shan magani na ekklisiya, su buɗe Luka 10:7 da 1 Timoti 5:18 ran da za su zauna a kan albashin ma'aikatansu.

An gwada maganarta a Liverpool. A can akwai gidan gajiyayyu mai majiyyata fiye da 1,000, masu jiyyarsu kuwa 'yan'uwansu gajiyayyu ne. A 1865 wani attajiri, William Rathbone, ya ɗauki nauyin kuɗi, aka aika da Agnes Jones da nas-nas 12 na makarantar Nightingale. Aka so a rage tsada, aka zaɓi waɗansu mata daga cikin gajiyayyun a ba su ɗan kuɗi kaɗan su taimaka ba tare da koyo ba. Dabarar ta watse, aka sallami da yawansu. Masu horon ne suka gyara wurin, har hukumar garin ta yarda ta riƙa biyansu da kanta. Agnes Jones ta yi aiki fiye da ƙarfinta, ta kamu da zazzaɓi, ta rasu a Fabrairu 1868 tana da shekara 35. Mu kan yabi irin wannan mutuwa a wa'azi, amma da an ba ta isassun hannuwa da hutu, mai yiwuwa ne da ta yi shekaru tana aiki.

Makarantar nan ta taɓa ƙasarmu. A 1946 wata malama 'yar Ikko, Kofoworola Abeni Pratt, ta shiga cikinta. Da ta komo a 1954 ta tarar manyan muƙaman jiyya a asibitin koyarwa na Ibadan na Turawa ne, sai da ta yi fama. A 1964 ta zama shugabar nas-nas ta asibitin, 'yar Nijeriya ta fari, daga baya kuma shugabar nas-nas ta ƙasa duka.

Florence ba ta yi daidai a kome ba. Sa'ad da nas-nas na Ingila suka nemi doka ta kafa musu rajista, domin a bambanta mai horo da marar horo, ta yi hamayya da su, tana ganin jarrabawa ba ta iya auna hali. Amma rajistar nan ce ke tsare mai horo daga wanda zai karya masa farashi. Aka yi dokar a 1919, bayan ranta. Tana da kaifin harshe kuma, ta kan matsa wa abokan aikinta har da marasa lafiya a cikinsu.

A 1907 Sarki Edward ya ba ta lambar girma ta Order of Merit, ita ce mace ta fari da ta samu. A lokacin idanunta sun tafi, tunaninta ya raunana. Ta rasu cikin barci ran 13 ga Agusta 1910, tana da shekara 90. Aka so a binne ta a Westminster Abbey tare da sarakuna, danginta suka ƙi bisa ga nufinta. Sojoji 6 suka ɗauki gawarta zuwa makabartar cocin ƙauyen East Wellow, kusa da iyayenta. A jikin dutsen an sa haruffa biyu na sunanta, F. N., da shekarar haihuwarta da ta rasuwarta.