Baƙin Kudeti: Tarihin David Hinderer Da Matarsa Anna

 A wannan fitowa za mu leƙa Kudeti ne, unguwar nan ta tsohon gari da ke wajen hanyar Molete. Duk wanda ya saba bi ta wurin ya san babbar majami'ar St. David, amma ba kowa ya san labarin mata da mijin da suka fara kafa ta ba. Su ma baƙi ne a Ibadan kamar yadda muke, sun kuwa riga Sabo zuwa, don ita Sabo sai a 1916 aka kafa ta. Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsu shi ne mu ga yadda baƙo kan yi idan garin da ya sauka ya shiga uku.

Shi mijin, David Hinderer, Bajamushe ne, an haife shi a 1819 a yankin Württemberg. Ya yi karatun aikin mishan a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, daga nan ƙungiyar CMS ta cocin Ingila ta ɗauke shi, ta turo shi ƙasar Yarbawa. Ya iso Abeokuta a 1849, ya zauna ya koyi Yarbanci. A 1851 ya biyo ayarin fatake ya shigo Ibadan don ya ga ko za a karɓe shi. A lokacin nan Ibadan gari ne na mayaƙa, ba a daɗe da kafa shi ba, kuma ƙarfin mutum a fagen daga shi ke ba shi sarauta. Manyan gari suka saurare shi, suka yarda ya dawo ya zauna.

Ita kuwa matar, Anna Martin, an haife ta a 1827 a ƙauyen Hempnall da ke Norfolk ta Ingila. Tana da shekara biyar mahaifiyarta ta rasu. Ta girma a garin Lowestoft, inda daga baya ta koma gidan limamin cocin garin, Francis Cunningham, tana taya shi rubuce-rubuce, tana kuma koyar da yara ran Lahadi. Tun tana budurwa ba ta da burin da ya wuce aikin mishan. Da David ya je hutu Ingila suka haɗu, aka ɗaura musu aure a watan Oktoba na 1852. Amarci bai yi nisa ba suka hau jirgin ruwa, a 1853 suka sauka Ibadan, zamanin Baale Olugbode, aka ba su fili a Kudeti.

To, a nan ne aikin ya rabu gida biyu, kowa ya kama nasa. Maigida shi ke fita wa'azi kasuwa-kasuwa da ƙofar gidajen manya, shi ke zama da sarakai, shi ke fassara. Shi ne ma ya mayar da littafin nan na John Bunyan, Pilgrim's Progress, zuwa Yarbanci. Uwargida kuma ta riƙe gida da makaranta. Allah bai ba su haihuwa ba, amma gidansu bai taɓa rabuwa da hayaniyar yara ba. Wani basarake mai suna Olunloyo shi ya fara ba su amanar 'ya'yansa biyu, Akinyele da Yejide. Daga nan wasu suka biyo baya, har da marayu da yaran da aka fanso daga bauta. Anna ke ciyar da su, ta yi musu ɗinki, ta yi jinyarsu, ta koya musu karatu da rubutu. Mutanen gari suka raɗa mata suna Iya, wanda ma'anarsa a Yarbanci ɗaya ce da tamu, wato uwa.

Kada masu karatu su ɗauka abin ya zo da sauƙi. Zazzaɓi bai bar su sun huta ba, yau ita ke kwance, gobe shi. Abokin aikinsu da suka zo tare, Kefer, ya rasu a 1855. Waɗanda suka karɓi addininsu ba su da yawa, kuma wasunsu sun sha duka da kora a hannun danginsu. Duk da haka ba su tattara kayansu ba.

Babbar jarrabawa ta zo ne a 1860. Alafin Atiba na Oyo ya rasu a 1859, ɗansa Adelu ya gaje shi. Kurunmi, jarumin da ke mulkin Ijaye, ya ƙi yi masa mubaya'a, don a al'adar da, babban ɗan Alafin bin ubansa yake yi kabari. Ibadan ta goyi bayan Adelu, yaƙi ya ɓarke. Egbawan Abeokuta suka shigar wa Kurunmi, mutanen Ijebu kuma suka toshe hanyar zuwa bakin teku. Ijaye ta faɗi a 1862, amma rikicin bai ƙare ba, hanya ta ci gaba da zama a rufe. Kun ga ke nan, kimanin shekara biyar Hinderer da matarsa suna tsare a cikin Ibadan, kuɗi da kayan masarufi daga Ikko sun yanke.

A wancan zamani da wuri ake ciniki, wanda ba shi da wuri kuwa ba shi da abinci. Ga gida cike da yara, kowanne da bakinsa. Anna ta shiga sayar da kayan ɗakinta da tufafinta ɗaya bayan ɗaya don a sami na cefane. Aka kai lokacin da abincinsu bai wuce ɗan wake da manja da barkono ba, wani dare ma da yunwa suke kwana. A 1861 David ya sayar da ransa ya ratsa daji ya tafi Ikko neman agaji, ya bar matarsa da yara, alhali mutanen Ijebu na farautarsa. Allah ya kiyaye shi ya dawo da rai.

Abin lura a nan shi ne, su fa ba 'yan gari ba ne, yaƙin kuma ba nasu ba ne. Ga shi 'yan'uwansu Turawan mishan na Abeokuta suna zaune ne a ɓangaren abokan gaban Ibadan, abin da zai iya sa a zarge su da leƙen asiri. Amma ba wanda ya taɓa lafiyarsu. Maƙwabta, waɗanda akasarinsu ba Kirista ba ne, su ke ɗan kawo musu doya da masara daga abin da su ma bai ishe su ba. Dalili kuwa a fili yake: shekara bakwai kafin yaƙin sun ji harshen mutane, sun gai da marar lafiya, sun riƙe amanar 'ya'yan da aka ba su. Alheri danƙo ne, in ji masu iya magana, ranar wuya suka tsinci abinsu.

A 1865 Gwamna Glover na Ikko ya aiko Kyaftin Maxwell da mutanensa, suka yanko sabuwar hanya ta cikin kurmi suka iso Ibadan. Jikin Anna ya riga ya yi rauni ƙwarai, don haka aka fita da ita cikin gaggawa. David ya tsaya tukuna ya daidaita al'amuran coci, sannan ya bi ta Ingila. Wani da ya sha irin wannan wuya ai ko sunan garin ba zai so ji ba. Su kuwa da suka ɗan murmure, a 1866 sai ga su sun dawo Kudeti. Sun ƙara shekara uku suna aiki, har rashin lafiya ya ci ƙarfinsu, suka yi sallama da Ibadan a 1869.

Anna ba ta daɗe ba bayan komawarsu. Ta rasu a watan Yuni na 1870 a ƙauyen Martham na Norfolk, tana da shekara 43. Bayan rasuwarta aka tattara wasiƙunta da abubuwan da ta rubuta aka buga littafi a 1872, mai suna Seventeen Years in the Yoruba Country, wanda masana tarihin Ibadan ke amfani da shi. David ya sake dawowa ƙasar Yarbawa shi kaɗai na ɗan lokaci, ya taimaka aka buɗe aikin mishan a Ondo, sannan ya koma Ingila inda ya rasu a 1890.

Me suka bari? In yawan mabiya za a ƙirga, ba su tara da yawa ba. Amma yaran da suka rena su suka riƙe aikin. Daniel Olubi, wanda ya biyo su daga Abeokuta yana yi musu hidima, shi ya gaji shugabancin cocin Ibadan, ya riƙe har rasuwarsa a 1912. Samuel Johnson, marubucin shahararren littafin tarihin Yarbawa da aka buga a 1921, ya yi karatu a makarantarsu ta Kudeti. Daga zuriyar Olunloyo aka sami Dokta Omololu Olunloyo, wanda ya yi gwamnan Jihar Oyo a 1983. Majami'un Kudeti da Aremo da Ogunpa duk daga aikinsu suka samo asali, makarantar 'yan mata ta St. Anne's da ke Molete kuma tana ɗauke da sunan tunawa da Anna.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, da rana ta fito sai ya watse. To, ga baƙi biyu da rana ta yi zafi a kansu shekara biyar ba su watse ba, miji na dafa wa mata, mata na dafa wa miji. Mu da muke zaune a garin mutane, muna fatauci, muna renon 'ya'yanmu a cikinsu, ya kamata mu tambayi kanmu abin da muka shuka tsakaninmu da masu masaukinmu tun ana zaman lafiya, don ranar da hanya ta toshe shi za mu girba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.